Goshin da Ba Ya Motsi

A shagonsa muka yi faɗan, tsakanin gilasan da aka jingine a bango, duk inda na juya sai in ga kaina.

Auta bai iya faɗa ba. Yankan gilashi ya iya: ya ɗora ma'auni, ya ja abin yanka sau ɗaya, ya ɗan danna gefe, gilashi ya rabu tas. Magana mai nauyi kuwa sai ya yi ta zagaye. Ranar ma sai da ya tambaye ni aiki, ya tambayi lafiyar Mama, ya goge teburin da ba ƙura a kansa, sannan ya ce Yaya Babba ta kira shi.

Yaya Babba ita ce babbar yayarsa. Ita ta goye shi, kuma tun da Ummansu ta kwanta ciwo ita ke yanke magana a gidan. An sa ranar aurenmu kafin ciwon. Bayan ciwon ba wanda ya ɗaga ta, ba kuma wanda ya sake ambatonta.

"Ta ce me?"

"Ta ce ranar da likita ya fito ya faɗa mana sakamakon aikin Umma... kowa ya rikice, ke kuwa kina tsaye kamar mai jiran mota."

Na tuna ranar. Likitan ya ce sun cire abin da zai ciru, sauran sai magani da addu'a. Yaya Babba ta sulale ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na dafa bango. Ba na kuka a gaban mutane. Shekarun da na yi ina karatu a waje, ni kaɗai a ɗaki, sun koya mini in riƙe shi sai na rufe ƙofa. Amma ko wanda ba ya kuka goshinsa yakan nuna. Nawa bai nuna ba, don ba zai iya ba.

Auta ya ce ba shi ke nan ba. Wata ƙawar Yaya ta gan ni a makon ina saukowa daga benen nan na saman kantin magani, inda matan masu kuɗi ke zuwa a goge musu tamojin fuska da allura.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Umma na kwance a asibiti, ke kina can?"

"Lokacin allurar ne ya yi."

Ya ajiye tsumman hannunsa. Ya ce shi bai taɓa ce mini fuskata tana da wani aibi ba. Ya ce in faɗa masa dalili ko da guda ɗaya ne, wanda zai ɗauka ya kai wa Yaya.

Ina da dalilin. Na yi wa Mama alkawarin ba zan faɗa ba sai bayan aure. Na ɗauki jakata na ce ina da zanen da zan miƙa kafin a tashi daga ofis.

Ciwon ɓarin kai nake da shi. Ba irin wanda ake shan ƙwaya biyu a ci gaba da hira ba. Ya fara mini tun ina 'yan mata, ya tsananta a ƙasar da na je karatun zanen gine-gine, har ranakun da nake da shi a wata suka fi waɗanda ba ni da shi yawa. Idan ya zo haske yakan zama ƙusa, ƙarar cokali a kofi takan zama guduma. In yi amai, in kwanta a duhu, in jira. Na sha magunguna iri-iri, wani ya sa ni ƙiba, wani ya sa na manta sunan titin da nake zaune.

A can wata likita ta gwada mini allurar. Dafi ne na gaske, wanda wata ƙwayar cuta ke fitarwa, irin da ke zama a gurɓataccen abincin gwangwani ya kashe mutum. Ana tace shi, a ɗebi ɗan abin da ido ba ya gani, a zuba a tsoka, sai tsokar ta saki, ta daina jin umarnin jijiya har kusan wata uku. Masu irin ciwona ana tsira musu a goshi, da gefen kai, da ƙeya, da wuya, da kafaɗa. Ciwon bai tafi ba, amma ya ragu har na iya gama karatu, na kama aiki. Kuɗin da na biya shi ne goshina ya zama sumul, girata ba ta haɗuwa ko me aka gaya mini.

Da na dawo gida likita ɗaya na samu mai yin ta. Gari ya san wurinta da gyaran fuska, don shi ke biya mata haya. Wanda ya zauna a ɗakin jiranta ne kawai ya san sauran: dattijon da wuyansa ya karkace gefe guda yana kallon bango, matar da fatar idonta ke matsewa har sai an ja ta a hannu, yarinyar da ƙafafunta suka sandare tana tafiya a kan yatsu, malamin makarantar da gumin hannunsa ke jiƙa takardun ɗalibai. Sai kuma mata masu baƙin tabarau, suna danna waya, ba sa gaisawa da kowa. Kwalba ɗaya ce ake buɗe mana duka.

Da na koma gida na gaya wa Mama abin da Auta ya ce. Tana guga, ba ta ɗago ba.

Mama na da dalilinta. Ƙanwarta, da ke zaune a ɗakin bayan gidanmu tun ina ƙarama, ciwon asma ne ya fitar da ita daga gidan miji. Dangin mijin suka ce sun gaji da jinya, an sayar musu da kaya mai lahani. Mama ba ta manta kalmar ba.

"Bari su ce gayu ne," in ji ta. "Gayu sai a yi gulmarsa a gaji. Amma kika bari suka ji ciwo ne, wannan yayar tasa ba za ta bari a ɗaura ba."

Na ce yanzu ma ai mara tausayi suke kira na. Ta ce wannan sai in wanke shi da hidima. Ta juya riga ta ci gaba da guga.

Sai na yi lissafi irin na mutumin da ya saba warware matsala a kan takarda. Idan fuskata ce matsalar, in dawo da fuskar. Da lokacin allura na gaba ya yi ban je ba. Ma'aikaciyar jinyar wurin ta kira ni, na ce na yi tafiya. Likitar da kanta ta kira, ta ce ta san ni ba mai wasa da lokaci ba ce, kuma in tuna yadda nake kafin allurar. Na ce na tuna.

A hankali goshina ya farka. Wata rana a banɗakin ofis na kalli madubi na tsuke gira, sai ga ɗan layi ya fito a tsakaninsu. Na yi murna kamar wawiya.

A lokacin an sallamo Umma ta dawo gida. Na riƙa zuwa duk Asabar. In wanke kwanukan magani, in canza zanen gado, in juya ta idan bayanta ya gaji. Yaya Babba ba ta hana ni ba, aiki ma take ƙara mini. Baturiya suke kira na a gidan, saboda karatun waje da kuma yadda nake zuwa a kan lokaci.

"Baturiya, yau kin taho da fuskar, ko kin baro ta a wurin wanki?"

"Na taho da ita, Yaya."

"To madalla. A yi hankali kar ta yamutse, an kashe mata kuɗi."

Auta idan ya shigo yakan gaishe ni yadda ake gaida ma'aikaciyar jinya mai kirki. Da can Injiniyata yake ce mini, ko da na sha gaya masa ni ba injiniya ba ce. Ya daina.

Umma ce kawai ba ta ce komai ba. Mace ce mai ƙarancin magana, da wani zurfaffen layi a tsakanin girarta wanda ya sa ko tana barci sai ka ɗauka faɗa za ta yi. 'Ya'yanta suna sonta suna kuma tsoronta. Auta ya taɓa gaya mini cewa suna yara akwai ranakun da ba a dariya a gidansu, ba a kunna rediyo, don Umma ta tashi da fushi.

Ciwon ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, ranakun aiki, ina ɓoye shi a mota da gilashi a rufe. Sai wata Asabar da azahar ya same ni a inda ba wurin ɓuya.

Yaya Babba ta fita sayen magani, Auta yana wani gini yana saka tagogi. Ina zaune a bakin gado ina yanke wa Umma farce, sai wani haske mai karkace-karkace ya ɓullo a gefen idona, kamar gilashin da ya tsage. Ya yi ta faɗi. Na duba hannun Umma na ga yatsu uku, sauran sun ɓace. Na san abin da ke tafe, na kuma san ba zan kai mota ba.

Na ajiye abin yankan farcen. Na ce zan ɗan sha iska. Ban kai ƙofa ba na durƙusa na yi amai a cikin robar da aka ajiye don Umma.

Ina durƙushe na ji muryarta, a hankali, ba tambaya a ciki.

"Ja labulen nan. Duka biyun. Kashe fanka, ƙararta za ta dame ki."

Na yi yadda ta ce, ina lalube.

"Zo ki kwanta nan."

"Umma, gadonki ne..."

"Na ce ki zo."

Ta matsa da ƙyar, ita da ɗinki a ciki. Ta kwance ɗankwalinta ta ce in ɗago kai. Da waɗannan hannayen da ba sa iya riƙe kofi ta ɗaure mini goshi, ta ja tamau, ta sa ƙullin daidai inda jijiyar ke bugawa. Ban nuna mata wurin ba.

"Wane ɓarin?"

"Hagu."

"Nawa dama ne."

Ɗakin ba haske sai ɗan zare a ƙasan ƙofa. Can ta fara magana ƙasa-ƙasa, yadda mai ciwon kawai ya san a yi. Ta ce nata ya fara bayan haihuwar fari. Ba ta gaya wa kowa ba, don uwar mijinta ba ta da haƙuri da mace mai kwanciya da rana. Idan ya zo sai ta gama girki da ido ɗaya a rufe, ta shige ɗakin ajiya tsakanin buhuna, don nan ne ba taga. Ta daka wa yara tsawa su yi shiru. Baban su Auta har ya rasu yana ɗauka mace mai baƙin rai ya aura, yana kuma haƙuri da ita a haka. Sai da ta tsufa ciwon ya sake ta don kansa.

Ta tambaye ni ko allurar da ake ta magana a kai ta wannan ce. Na ce eh. Ta tambaya ko tana aiki. Na ce tana rage fiye da rabi.

"Kika bari saboda wa?"

Hawaye ne suka gangara cikin kunnena. Ta ɗora tafinta a kan idona ta bar shi a nan.

Haka Yaya Babba ta same mu. Ta turo ƙofa da ledar magani, ta ga duhu, ta ga roba, ta gan ni miƙe a gadon mara lafiya da ɗankwalin Umma a kaina. Ta fara da ƙarfi, wai wa ke jinyar wa a gidan nan.

"Rage murya," in ji Umma. "Rufe ƙofar. Kin tuna ɗakin ajiya?"

Yaya ta ce ta tuna.

"To ba fushi nake yi da ku ba. Abin da ke damun yarinyar nan ne."

Yaya Babba ta daɗe a tsaye. Na ji ledar tana ƙara a hannunta, sannan ta daina. Da ta yi magana muryarta ta sauka, amma Yaya ce dai. Ta ce to me ya hana Baturiya ta buɗe baki tun farko. Ta ce kuma irin wannan ciwon ana gadonsa, ya kamata a duba 'ya'yan da za a haifa.

"Da ciwon na haife ku, ga ku nan kun ishe ni," in ji Umma. "Ɗauki robar nan ki wanke."

Ta ɗauka. Ta dawo da ruwan sanyi da tsumma, ta ajiye kusa da ni ba tare da ta dube ni ba.

Auta ne ya mai da ni gida da yamma, ina kwance a kujerar baya da mayafi a fuska. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka. Mama ta ga yadda aka shigo da ni ta gane komai. Ta zauna a bakin gadona tana cewa na rusa abin da ta gina.

Sai da na warware ya zo ofishinmu. Muka tsaya a kan matakalar baya, inda masu shan taba ke tsayawa. Wannan karon bai yi zagaye ba.

"Kin gwammace in ɗauke ki mara zuciya da in san kina ciwo."

"Na yi wa Mama alkawari."

"Ni fa? Me kika ɗauke ni?"

Na ce ban ɗauke shi komai ba, tsoro na ji. Na ce alkawarin Mama ya zo mini daidai ne, don da ba ta nema ba ma wataƙila da na ɓoye. Tunda an fara, sai na zube masa sauran. Na ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ko da allurar akwai ranakun da zai dawo gida ya tarar da duhu, ba girki, ba hira. Idan na sami ciki likita za ta dakatar da allurar, kuma ba wanda ya san yadda watannin za su kasance. Na ce ranar Laraba zan koma benen nan, kuma ba zan sake fasa zuwa don kowa ba, ko shi, ko Yaya.

"Ka yi tunani. Ban ce ka ba ni amsa yau ba."

Ya kalli yatsunsa masu filasta. Ya ce to. Ya sauka ya tafi.

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Na gama zanen wani asibitin yara, na yi kuskure a faɗin ƙofofi, ogana ya dawo mini da shi. Mama ta daina yi mini magana sai gaisuwa. Ƙanwarta ce ta shigo ɗakina wata safiya, tana numfashi da ƙyar kamar kullum, ta ce mini ita da ta faɗa tun kafin aure, da ta san irin gidan da za ta shiga. Ta gyara mini labule ta fita.

Ranar Laraba na hau benen ni kaɗai. Na tura ƙofar ɗakin jira, sai ga shi zaune da kayan aiki a jikinsa, tsakanin dattijon mai karkataccen wuya da wata mai baƙin tabarau. Dattijon yana ba shi labarin yadda allura ta sa ya koma tuƙa mota, yana magana yana kallon bango, Auta kuma ya rasa inda zai sa ido.

Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa.

"Umma ce ta turo ka?"

"Ta ce kar in sake shiga ɗakinta sai na kawo ki nan." Ya sosa ƙeya. "Amma na riga ta. Tun jiya na sa aka ɗage aikin yau."

"Ka yi tunanin?"

"Na yi. Tagogin ɗakinmu na fasa sa masu haske. Akwai wani gilashi mai duhu, yana tare rana sosai... na riga na yanka." Ya ɗago ya dube ni. "Har yanzu ina fushi, Injiniyata. Kar ki ɗauka ya wuce."

Na ce na ji.

Da aka kira ni ya miƙe ya bi ni. Likitar, gajeriyar mace mai yawan zolaya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ashe wannan ne tafiyar da na yi. Ta zaunar da shi a kusurwa. Ta goge mini goshi da auduga mai sanyi, ta zuƙo ruwan a siririyar allura, ta ce in tsuke gira ta ga tsokar. Na tsuke. Ta tsira.

Mutumin da kullum gilashi ke yanka masa hannu ya ga allura ta farko ya kau da kai, ya ga ta biyu ya nemi ruwa. Likitar ta ce idan zai faɗi ya faɗi ta hagu, dama akwai kayan aiki. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ya jawo kujerar kusa, ya kama hannuna, ban san wa ke riƙe da wa ba.

Tana yi yana tambaya. Yaushe za ta fara aiki. Ta ce bayan 'yan kwanaki. Ko tana da illa. Ta ce wani lokacin fatar ido takan ɗan sauka ko wuya ya yi ciwo, kuma yakan wuce. Me zai yi idan ciwon ya zo. Ta ce duhu, shiru, ruwa, magani da wuri, kuma kar ya tsaya a kaina yana tambayar ya jiki.

Ta koma ƙeyata. Sai Auta ya ce akwai sauran tambaya ɗaya, kar a yi masa dariya.

"Idan goshin ya sake tsayawa... in ta ji haushina, ko wani abu ya dame ta, ta yaya zan gane?"

Likitar ta yi dariyar duk da haka. Ta ce wannan ba a koya musu a makaranta ba.

Kaina yana sunkuye, allura a wuyana, ba na ganinsa sai takalmansa masu ƙurar gini.

"Zan faɗa maka," na ce.

"Kin tabbata?"

"Da bakina. Har sai ka gaji."

Aka ɗaura auren a ranar da aka sa tun farko. Umma ba ta iya fita ba, don haka muka je ɗakinta da kayanmu a jiki. Ta sa muka durƙusa kusa da gado, ta dafa kaina, ta dafa nasa, ta ce masa idan ya taɓa kunna rediyo ina kwance, ita da shi ne.